Kun Rataye Hoton Mijina a Ƙofa, Kun Ajiye Shi a Bayan Allo

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya kawo wasannin kurket na ƙasa da ƙasa birnin New York a bazarar da ta wuce.

Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Sunana Rakiya Mamman. Ina zaune a Tremont, cikin Bronx, kuma aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ba ka san ni ba, amma ka san fuskar maigidana, Malam Isiyaku, domin ita kuka buga a jikin bas-bas da ƙofar filinku: dattijo da farar riga da hula mai faɗin baki, ya ɗaga yatsa sama. Kwanakin baya ofishinka ya aiko masa da imel cewa za ku dawo baɗi, kuna so ya sake taimaka muku da jama'a. Wannan ita ce amsar. Shi yanzu ba ya iya riƙe biro, don haka ni na rubuta, kuma maganar tawa ce, kada a ɗora masa.

Da Hausa na rubuta, da gangan. Ina da Turancin da nake aiki da shi, amma sharuɗɗan da kuka jera a bayan tikitinku sai da 'yata Zainab ta zauna ta warware mini su ɗaya bayan ɗaya. Kai ma nemi wanda zai karanta maka. Masu jin Hausa ba su da wuyar samu a garin nan; ka tare tasi uku, za ka dace da ɗaya.

Bari in fara gaya maka ko wane ne mutumin da ke cikin hoton, tunda babu wanda ya tambaya a cikinku.

Malam ya koyi kurket a makarantar sakandare a Zariya, wurin wani malamin lissafi ɗan Pakistan. Da muka zo ƙasar nan ya kama tuƙin tasi, yana tsammanin shi da wasan sun rabu ke nan. Wata Asabar ya sauke fasinja a bakin babban filin shaƙatawa da ke arewacin Bronx, ya hango mutane da fararen kaya suna jifa da duka. Ya ajiye mota ya tsaya kallo har la'asar. Ranar ya dawo gida aljihu babu komai, yana ta ba ni labari kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwansa a kasuwa. Ba a yi wata biyu ba suka gane ya fi su sanin dokokin wasan, suka mai da shi alƙali.

Shekara goma sha tara yana wannan alƙalanci, duk Asabar, daga lokacin da sanyi ya ɗaga har ya dawo. Mutanen Jamaika, da na Guyana, da na Bangladesh, da na Pakistan, da 'yan tsirarun mutanenmu, duk a gabansa suke wasa. Shi yake riga kowa zuwa, ya bi filin da leda yana tsince kwalabe da murafen lemo. Idan Azahar ta yi ya tsayar da wasa, Musulmi su yi salla a gindin bishiya, Kirista da Hindu su zauna su jira, ban taɓa jin wani ya yi gunaguni ba. Ni kuwa da farko haushin wasan nake ji. Wasan da za a wuni ana yi, mutum ya bar neman abinci ranar da tasi ta fi kawo kuɗi. Ni nake wanke farar rigar in goge, ina mita. Daga baya na fara bin sa da kular shinkafa, tun ina zuwa don kada in zauna ni kaɗai a gida har na iya lissafin gudu, wato makin wasan, na san lokacin da ya kamata ya ɗaga yatsa ya fitar da mai duka tun kafin ya ɗaga.

Da ma'aikatanka suka fara zuwa neman jama'a, duk wanda suka tambaya wurinsa yake turo su. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya rubuta lambar kowane kyaftin a ciki, daga Bronx har Flatbush. Shi ya zaga da su ƙungiya-ƙungiya a cikin tasinsa, bai kunna mita ba. Shi ya tara muku 'yan sa-kai. Shi ya riƙa tsayawa bayan wasa yana cewa kowa ya sayi tikiti tun da wuri, kada a ce mutanen New York ba su fito ba. Ranar da kuka ɗauki hoton, ni na goge rigar. Aka ce masa a baki za a ba shi wuri na musamman ranar wasan farko. Bai nemi a rubuta ba, don shi bai saba da haka ba.

Wata huɗu kafin wasanku, da sassafe yana alwala, ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi nauyi. Zainab ta sanar da ofishinku. Ba a amsa ba, kuma maganar wuri na musamman ba ta sake tasowa ba. Ban bi ku ina roƙo ba. Na shiga shafinku na sayi tikiti uku da kuɗina: ɗaya na mai keken guragu, biyu na masu rakiya. A asibitin gashin ƙashi, da aka tambaye shi abin da yake so ya iya yi kafin bazara, bai ce tafiya ba, bai ce tuƙi ba. Ya ce yana so ya iya zama awa huɗu a keke ba tare da ya karkace ba, don ya ga wasa daga farko har ƙarshe. A kan wannan ya yi ta fama. Na manna tikitin a jikin firij inda zai riƙa ganin sa daga gado. Duk ranar da ya ƙi motsa jiki, sai in nuna masa takardar, ya yi tsaki ya miƙo hannu.

Yanzu ga abin da kuka yi.

Na ɗaya, lokaci. Tikitin da na saya ya ce Asabar, ƙarfe uku na rana. Saura kwana tara, imel ya shigo cewa an mai da wasan Juma'a, ƙarfe goma da rabi na safe. Ba ku faɗi dalili ba, amma babu wanda bai gane ba: a lokacin ne masu kallon talabijin a Asiya suke dawowa gida su zauna. Ba na jin haushinsu, su ma masoya wasan ne. Amma, Yallaɓai, da bakinku kuka ce kun kawo kurket ne domin mutanen New York. Wane mutumin New York kuka sani da yake zaune ranar Juma'a da hantsi? Mai tasi yana kan titi, mai shago yana shago, irina tana gidan wata tsohuwa tana ba ta magani, yara suna makaranta. Musulmin cikinmu kuma, da ba su da kaɗan, kun sa su zaɓi tsakanin masallaci da tikitin da suka riga suka biya.

Ni sai da na roƙi abokiyar aikina ta karɓe ni, na biya ta da Lahadi biyu. Zainab tana da jarrabawa a makarantar koyon aikin jinya, ba za ta samu zuwa ba. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne wayar Malam da ta fara ƙara ba ta tsaya ba. Waɗanda suka sayi tikiti a kan maganarsa ba su da lambarku, tasa suke da ita. Wasu ba su ma san ya kwanta ba. Na ce ya bar ni in riƙa amsawa, ya ƙi. Mutumin da kalma ɗaya take ɗaukar sa lokacin da wani zai yi jimla uku, haka ya zauna kwana biyu yana ba mutane haƙuri a kan laifin da ba nasa ba, yawu yana zubo masa, ina share masa da tawul.

Na biyu, wuri. A cikin wannan imel ɗin, can ƙasa, kun ce an canza fili saboda wasu dalilai na shiri. Filin farko yana cikin gari, jirgin ƙasa yana kai mutum kusa da ƙofa. Na biyun yana can bayan gari, inda jirgin cikin gari ba ya zuwa, sai ka sauka ka canza, ka sake sauka ka jira bas. Kun yi alkawarin bas-bas daga tasha. Na kira na tambaya ko suna ɗaukar keken guragu, aka ce za a kira ni. Har yau ina jira.

Maƙwabcinmu Alhaji Seidu, mutumin zangon Kumasi, yana da tasi irin mai ɗaukar keke. Shi ya ce zai kai mu, kuma tunda tikitin Zainab yana nan, zai shiga tare da mu. Ya bar aikin ranar, ya bar Juma'arsa. Na tashi tun kafin asuba, domin wanka da shiri da karin kumallon Malam awa biyu suke ci. Ya ce in sa masa farar rigar da hular. Na sa masa. Da muka isa, mai gadi ya hana mu sauka a ƙofar da ke kusa, ya ce ta manyan baƙi ce. Na nuna masa tikitin mai keke, ya ce shi umarni aka ba shi. Aka tura mu wani fili mai nisa. Daga can muka turo keken a kan tsakuwa da wasu tabarmin roba da suke zamewa, ƙaramar tayar gaba tana nutsewa, ni ina tura, Alhaji Seidu yana ɗaga gaba. Duk girgizar da keken ya yi a kafaɗar Malam take sauka. Na ga yadda ya damƙe hannun keken da hagunsa.

Na uku, wurin zama. A bakin ƙofa aka karɓe lemar da na kawo don rana, aka zubar da ruwan da na ɗauko. Muka wuce ta ƙarƙashin hotonsa, wanda tsawonsa ya kai bene. Ya ɗaga kai ya duba, ya yi irin murmushin da yake yi yanzu da rabin baki.

Dandamalin da aka zana a shafinku don masu keke yana nan, na gan shi da idona, yana da rumfa da hanyar hawa. Kyamarori kuka jera a kai. Wata ma'aikaciyarku mai kati a wuya ta ce an yi sauyi, ta kai mu ƙasa, daidai bayan allunan talla da suka kewaye fili. Ni da nake tsaye ina ganin wasa. Malam da yake zaune, abin da ke gabansa bayan allo ne, da wayoyi, da ƙarafan da suka tokare shi. Ba mu kaɗai ba ne. Akwai wata tsohuwa 'yar Trinidad da ɗanta ya kawo, da wani mutum mai ƙafa ɗaya. Aka jera su a rana kamar kayan da ba a san inda za a ajiye ba.

Na ɗaga kai. A samanmu kujeru ne masu rumfa, layi bayan layi, babu kowa a kai, kuma akwai hanya shimfiɗaɗɗiya da keke zai bi ya kai layin farko. Waɗannan su ne kujerun da shafinku ya yi makonni yana cewa sun ƙare. Na koma wurin ma'aikaciyar na roƙe ta. Ta ce wannan sashe na wani farashi ne daban. Na ce zan cika. Ta ce ba a sayarwa a nan, sai ta shafi. Shafin kuma ya ce babu. Na ce ta kira babbanta, ta ce yana wurin baƙi. A nan na yi abin da ban so yi ba: na nuna mata hoton da ke ƙofa, na nuna mata Malam, na ce mutum ɗaya ne. Ta duba can, ta duba nan, ta yi dariya ta ce abin sha'awa ne, ta tambaya ko za ta iya ɗaukar hoto da shi. Ta ɗauka. Ta tafi.

Haka aka fara wasa. Na tsaya a gefen Malam ina faɗa masa abin da ke faruwa, wa ya jefa, ina ƙwallo ta bi, gudu nawa aka yi. Ba ya ganin ƙwallo sai an ɗaga ta sama ta wuce tsawon allo. Sau biyu ya gyara mini lissafi daga jin ƙarar sanda da ihun mutane kawai. Alhaji Seidu ya cire rigarsa ta sama ya riƙe masa a ka saboda rana. Mun gwada ɗaga shi ya tsaya ya jingina da allon, ya ga jifa huɗu, ƙafar ta ƙi, kuma mai gadi ya zo ya ce an hana taɓa allo.

Wajen ƙarfe sha biyu muka ga ma'aikatanku suna bi suna kwashe mutane daga ɓangarori daban-daban, suna tara su a gefen da kyamara take kallo, suna raba musu tutoci. Har cikin waɗancan kujerun masu rumfa da aka hana mu aka zuba wasu, kyauta. Na ce to ga dama ta samu. Aka ce a'a, masu iya hawa da sauri ake so, don an kusa dawowa daga talla.

Sai Malam ya ce yana son bayan gida. Na tura shi har wurin na masu keke, na tarar da shi a kulle da kwaɗo. Mai gadi ya ce katan-katan na lemo aka ajiye a ciki, mai makulli yana zuwa. Mun jira. Abin da ya faru a bakin wannan ƙofa ba zan rubuta shi ba, domin mijina ne kuma yana da 'ya. Abin da zan ce kawai, na cire mayafina na rufe masa cinya, muka fita ta ƙofar da muka shigo, tun ƙungiya ta biyu ba ta fara duka ba. Wannan karon bai ɗaga kai ba.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka hau titin Grand Concourse. A nan Malam ya juyo, ya haɗa kalmomin da ƙyar, ya ce, "Rakiya, ki yafe mini. Na wahalar da ke."

Shekara ashirin da bakwai muna tare, Yallaɓai. Na ga fushinsa, na ga rashin kuɗinsa, na ga ranar da likita ya ce ba zai ƙara tuƙi ba. Ban taɓa ganin ya ji kunyata ba sai ranar. Tun daga wannan kwana bai sake cewa a kunna masa wasa ba. Ya ce in cire hular daga ƙusar da take rataye in sa a akwati. Motsa jikin da yake yi da himma, yanzu sai na yi da gaske.

Na huɗu, maganarka. Bayan an gama wasannin an yi hira da kai, Zainab ta nuna mini a waya. Aka tambaye ka dalilin da kujeru suka zama wayam. Ka ce, a taƙaice, mazauna garin nan ba su gama karɓar wasan ba tukuna, sai an ƙara wayar musu da kai. Kun mai da wasa ranar aiki, kun kai shi inda ba a zuwa, kun rufe kujeru kun ce sun ƙare, sannan ka zauna a gaban kyamara ka ce mu ne ba mu waye ba. Ka zo filinmu wata Asabar ka ƙirga mutane. Babu rumfa, babu kujera, kowa da tabarmarsa da kularsa, kuma tun kafin ka san hanyar New York suke zuwa.

Na biyar, imel ɗin da kuka aiko kwanan nan. An fara shi da fatan Malam ya ji daɗin wasannin da suka wuce. An kira shi jakadanku a cikin al'umma. An roƙe shi ya turo sababbin lambobin kyaftin-kyaftin. Wasiƙu uku Zainab ta rubuta muku bayan abin da ya faru, babu wadda aka amsa. Ashe adireshin bai ɓata ba.

To, ga abin da na yi da littafin, don kada ka ji a bakin wani.

Na ɗauko shi na fara daga shafin farko. Mako uku ina kira, a lokacin hutun aiki, a tashar jirgi, a kicin ina jiran tuwo ya nuna. Duk wanda na samu na ba shi labarin nan yadda na ba ka, ban ƙara ba. Akwai wani Mista Desmond, mutumin Jamaika, kyaftin ɗin da ya fi kowa daɗewa a filin, wanda ya fi kowa yi wa Malam gardama a kan hukunci. Da na gama, sai ya ce in ba shi rabin sunayen. Mun yi taro a ɗakin ƙasa na wani coci. Ba za ku samu ɗan sa-kai ko ɗaya daga waɗannan ƙungiyoyi ba. Ba za su sayi tikitin rukuni ba. Ba za su ba ku yaransu su riƙe hannun 'yan wasa a gaban kyamara ba. Alhaji Seidu ya yi magana da direbobi bayan sallar Juma'a a masallatai biyu, kuma 'yan Nijar masu shaguna a layinmu sun ce fostarku ba za ta hau gilashinsu ba.

Ba kowa ya yarda ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Wani kyaftin ya ce mini 'ya'yansa ba su taɓa ganin manyan 'yan wasa ido da ido ba, kuma fushina bai isa ya hana su ba. Yana da gaskiyarsa. Na kwana ina juya maganar, domin na san Malam da kansa haka zai ce. Duk da haka na tsallake sunansa na kira na gaba.

Na je zaman jin ra'ayin jama'a da ake yi kafin a ba ku izinin fili. Aka ba ni minti biyu. Zainab ta ce ta yi magana a madadina, na ce a'a. Na tsaya da Turancina na masu aikin gida, na ɗaga hoton bayan allon da na ɗauka daga daidai tsawon idon Malam, da hoton kwaɗon. Lauyanku yana zaune a layin gaba, na ga ya daina danna waya. Duk zaman da za a yi zan je. Na kuma samu lauya a wata cibiya da ke taimaka wa naƙasassu kyauta, ta karɓi takardunmu, ta nemo ɗan tsohuwar nan 'yar Trinidad, shi ma ya ba da nasa. Za ka ji daga wurinta da harshen da kake ji.

Kuma duk ranar da kuka sa wasanku na farko, ko Talata ce da hantsi, a wannan rana da wannan sa'a za a yi wasa a filinmu. Mista Desmond ya ce ko aiki za su bari, za su bari. Ni zan dafa shinkafa.

Ina so ka gane ni sosai. Ba gyara nake nema kawai ba. Ina so ka zauna a ɗakinka mai sanyi ka dubi kujeru babu kowa, ka rasa waɗanda za ka kwaso ka cika gaban kyamara da su. Ina so waɗanda suka zuba kuɗi su kira ka su yi ta tambaya, kai ma ka yi ta ba da haƙuri har muryarka ta dushe. Ina so ka ji kunya a gaban mutanen da kake jin nauyi. Ban saba da irin wannan zuciya ba, ku kuka koya mini, kuma ba na neman a raba ni da ita yanzu.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku sauke hoton mijina daga duk inda yake, har shafinku, kuma ma'aikaciyar nan ta goge wanda ta ɗauka. Ku daina kiran sa jakada. Ka janye maganar da ka yi a kan mutanen garin nan, a gaban kyamara kamar yadda ka yi ta. Idan kun sayar da tikiti da rana da wuri, ku tsaya a kai. Wurin masu keke ya zama na masu keke, bayan gidansu a buɗe. Sannan ka zo da ƙafarka gidanmu, ba wakili ba, ba imel ba, ka zauna a kujerar da ke gaban gadonsa, ka jira ya gama duk abin da zai faɗa, komai daɗewar da zai yi. Kuɗin tikiti ku riƙe. Ko kun yi duk wannan, baɗi dai kun rasa mu. Shekarar da ke bayanta, sai mu gani.

Kafin in aika, na karanta wa Malam wasiƙar nan daga farko har ƙarshe. Bai so ba. Ya ce shi ya yafe, in bar ku da Allah. Na ce yafiyarsa tasa ce, ban hana shi ba, amma ni na tura keken, ni na cire mayafin. Sai ya ce in haka ne, abu ɗaya yake roƙo: akwai addu'ar da na rubuta maka a ƙarshe, in cire ta, ba ta dace da bakin Musulma ba. Na cire ta daga takarda saboda shi ya ce. Inda nake yin ta ba a takarda ba ne.

Wadda ya yarda in bari ita ce wannan: Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya shirye ka, ya nuna maka abin da ka yi tun kana da ikon gyarawa.

Wassalam.

Rakiya Mamman,
matar Malam Isiyaku,
Tremont, Bronx.